Bayanin Taragun Ɗaukar Sassan Mota a Ƙasar Amurka

Kaya iri biyu ne a wurin mai sufuri: akwai wanda nauyinsa ke ƙure abin hawa, kamar kanwa, akwai kuwa wanda ke cika wuri ba nauyi, kamar auduga. Wannan bambanci shi ya sa Amurkawa suka ƙera wani irin tarago na daban.

Asalin al'amarin, kamfanonin mota na birnin Ditroit, wato Ford da General Motors da Chrysler, ba a gida ɗaya suke gama mota ba. A buga ƙofa da bonet da rufi a wannan gari, a harhaɗa su a wani, wani lokaci ma can Kalifoniya. To, waɗannan sassa falle ne na ƙarfe, ga faɗi ga lanƙwasa. Tarago na da, mai tsawon ƙafa 40 ko 50, sai ya cika maƙil alhali bai ɗauki nauyin da zai iya ba.

Saboda haka wajen 1964 aka fara fito da mai tsawon ƙafa 86, tsayinsa daga dogo kimanin ƙafa 17. Maƙeransa su ne Greenville da Thrall da Pullman-Standard. Don tsananin tsayi har farin fenti ake shafa wa goshinsa, gargaɗi ga ma'aikata. A ƙarƙashinsa an sa na'ura mai shanye karo, domin in an haɗa taragu da ƙarfi kada kaya su lotsa. A ciki kuwa kowane sashe yana da ragar ƙarfe da aka ƙera daidai siffarsa. Wani tarago ƙofa biyu gare shi kowane gefe, wani huɗu. Amma inji, da yake shi kanwa ne, sai aka bar shi a mai ƙafa 60.

Aibinsa ɗaya, kowane falke kuwa zai gane shi: in ya sauke kaya, sai ya koma da ragoginsa wayam, kuɗin tafiya biyu a kan kaya ɗaya. Muddin masana'antu na nesa da juna, riba na rufe wannan hasara. Da Ford ta rufe masana'antarta ta Milfitas a Kalifoniya a 1983, kamfanoni kuma suka koma son kaya kaɗan-kaɗan a kan kari, sai manyan motoci suka karɓe yawancin aikin, taragun nan suka yi ta raguwa a kan dogo.