Ƙashi bai karye ba, amma gwiwa ta ƙi ɗaukar mutum

A Malanville, ɗan zemijan kan faɗi da moto, ƙaurinsa ya daki ƙasa gwiwa a lanƙwashe. A kai shi wajen maɗori, a ce targaɗe ne kawai. Bayan watanni, ko gangarowa bakin kogi sai ya dafa wani.

Wani lokaci abin da ya tsinke jijiya ce ta can cikin gwiwa daga baya, wadda ke hana ƙashin ƙauri zamewa baya. Hoton ƙashi ba ya nuna ta. Sai MRI, ko likita ya lanƙwasa gwiwar ya tura ƙaurin baya, ya ga ko zai zame.

In ita kaɗai ta yage, ɗaurin gwiwa na asibiti da motsa naman cinya kan wadatar. In ta tafi da wasu jijiyoyin, to sai tiyata: a ciro jijiya daga cinyar majinyacin, a huda ƙasusuwan biyu, a zura ta a ɗaure, ana duba ciki da ƙaramar kyamara. Komawa aikin ƙarfi kan ɗauki wata 9 zuwa 12, kuma gwiwar takan rage ɗan sako-sako. Ga mai ciyar da gida da moto, wannan zaman ya fi kuɗin motar Kwatano ciwo, kilomita fiye da 700 daga nan.