Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Tun fil'azal Bahaushe yana son kiɗa, amma bai cika son haɗa zuri'a da makaɗi ba. A gidan biki a yi masa kari har aljihu ya cika, ranar da ɗansa ya zo neman aure kuma sai a ce "ai ɗan maroƙa ne". Ko Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, bai kankare wannan kallo daga zukatan mutane ba. Wannan gado ne 'yan fim suka tarar.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya somo ne daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. A 1999 aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. Daga nan sana'ar ta buɗe ƙofar abinci ga marubuta, masu ɗaukar hoto, masu kwalliya, masu haɗa sauti, direbobi da masu dafa abinci a wurin ɗauka. Sai dai mai kallo fuskar jarumi kawai yake gani, shi ya sa yake zaton kowa a cikinta mai kuɗi ne.

A 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubban naira kaɗan ake sallamar ta da su idan ta fito a fim. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cece-kuce. Abin da rigimar ta tona shi ne yawancin aikin a baki ake ƙulla shi. In babu takarda, wa zai ce ga abin da aka yi alkawari? Ƙaramin ɗan wasa kuwa ba ya iya ja da mai gida, don gobe ma a wurinsa zai nemi aiki.

Hanyar shigowar kuɗin ma ta sauya. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke yanke farashi. Masu satar fasaha da masu tura finafinai a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Yau shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So ne ke tashe. A YouTube kuɗin talla yana ci gaba da shiga asusun mai tashar muddin ana kallo, shi kuma wanda ya riƙe fitila sau ɗaya aka biya shi.

Mata sun fi jin jiki. Namiji yakan yi aure ya ci gaba da fitowa har ya yi furfura, mace kuwa galibi aure ne ƙarshen sana'arta. Idan aka yi laifi tare, ita ce ke fara shan hukunci da zagi. Ga kuma ƙarancin makarantun koyon sana'ar fim: an soke aikin dandalin shirya finafinai na Ƙofa a 2016 bayan suka daga malamai, don haka ɗan talaka har yanzu sai ya yi shekaru yana yaron wani kafin ya koyi riƙe kyamara.

Gyara ba ya gagara. Ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN su tilasta yarjejeniya a rubuce, su tsayar da mafi ƙarancin lada, su kafa asusun jinya da na tsufa, don kada tsohon ɗan wasa ya koma neman taimako a Facebook. Mu kuma masu kallo mu riƙa kallo ta halastacciyar hanya. Wanda ya sa ka dariya bayan sallar isha'i, shi ma akwai tukunyar da ke jiransa a gida.