Jarrabawar jami'a: hadda ko iyawa?

Ɗalibin da ya taso daga Kebbe ko Tambuwal zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san tsarin: kaso mafi girma na makinsa yana rataye ne a kan takarda guda ta ƙarshen zango. Wanda ya haddace darasi sai ya haye, ko da bai taɓa gwada abin da hannunsa ba.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta fi ba ƙwarewa muhimmanci. Hukumar ta tsara kashi 70 na manhajar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30.

Amma sauya manhaja ya fi sauya jarrabawa sauƙi. Kafin malami ya tabbatar ɗalibin aikin gona ya iya auna taki ko gane cutar da ta kama gero, sai ya tsaya a kansa a gona, ɗaya bayan ɗaya. Ajin da ya cika maƙil ba ya ba da wannan dama, ballantana ga ƙarancin kayan ɗakin gwaji da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, wanda ya matse zangunan karatu.