Ko Ka San Dodon Tekun Goronyo?

Ko ka san an taɓa yin teku a ƙasar Sakkwato? Teku sosai, mai ruwan gishiri, wanda ya malalo daga arewa ta Aljeriya da Mali da Nijar, ya yi lungu a inda Goronyo da Wurno da Dange suke a yau. Shekara kusan miliyan 70 ke nan. A cikin ruwan nan aka yi wata dabba da masana a duniya ke kira da sunan garinmu na Hausa: Goronyosaurus.

Abin da ya fi burge ni shi ne danginta. Ba kifi ba ce, ba kuma kada ba. 'Yar'uwar guza da damo ce! Wannan guzan da yaranmu na Faskari da Sabuwa ke kora da gwafa a bakin fadama, 'yan'uwansa ne suka taɓa riƙe sarautar teku. Ƙafafunta huɗu sun baje don iyo, jelarta ce ke tura ta gaba, kuma dole ta riƙa tasowa sama tana shaƙar iska. Kanta kaɗai ya haura rabin mita, da dogon baki siriri, da zara-zaran haƙora a gaba waɗanda ba a saba gani ba a wurin sauran danginta. Idanunta kuwa ƙanana ne, shi ya sa wasu masana ke ganin a gurɓataccen ruwan bakin gaɓa take farauta, inda ido ba ya amfani sosai.

A 1930 wani Bature mai suna Swinton ya fara bayanin ƙasusuwanta. Daga baya masana daga Italiya suka tono wasu a yankin Goronyo, suka raɗa mata wannan suna a 1972. Ba ita kaɗai ba ce ma. Akwai wani kada na wancan zamani da aka sa wa suna Sokotosuchus.

To ta yaya aka san ruwan ya zo ya koma? Ƙasa ce ta ajiye labarin, shimfiɗa kan shimfiɗa. Duba tafki idan rani ya yi nisa: yashi a gefe, baƙar laka a tsakiya. Haka gindin wancan teku ya kasance. Da ruwa ya fara shigowa sai ya zube yashi da taɓo, su ne duwatsun Taloka. Da ya yi zurfi sai laka mai laushi ta kwanta a kai, ita ce shimfiɗar Dukamaje, kuma a cikinta ƙasusuwan dodon suke. Ruwa ya ja baya, yashi ya sake rufe wurin, shi ne na Wurno. Can kuma teku ya dawo karo na biyu, amma ya tarar dodon da zuriyarsa sun ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce. A wannan zuwan ne ɓawon ƙananan halittun ruwa ya taru ya daskare ya zama farin dutsen Kalambaina. Allah mai iko!

Mu fa na kudancin Katsina? Ka fasa duwatsun Ƙanƙara har ka gaji, ba za ka ga ƙashin dodon teku ba. Namu tsofaffin duwatsu ne ƙwarai, sun girmi tekun nesa ba kusa ba, kuma tudu ne da ruwa ke gangarowa daga kansa. Har gobe Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake tasowa ya bi ta Gusau ya nufi Sakkwato.

A ganina abin takaici ne yaro ya gama sakandare a Arewa bai taɓa jin sunan wannan dabba ba. Idan ka ga buhun simintin Sakkwato a wurin gini, kira ɗanka ka gaya masa daga gindin teku aka haƙo farin dutsen Kalambaina da aka yi shi da shi.