Egzima a Jikin Manya: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Shafa Magani

Mene ne egzima?

Ciwo ne da ke busar da fata, ta yi ta ƙaiƙayi, ta tsattsage, wani lokaci har ta riƙa tsattsafar da ruwa. A baƙar fata ba lallai wurin ya yi ja ba; yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri saboda yawan susa. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Yakan lafa ya sake tasowa, musamman da hunturu. A Potiskum, masu wanki, masu aikin siminti da masu yini cikin ƙurar kasuwar shanu kan sha fama da shi a hannu.

Me ya sa sai likita ya duba?

Domin kyasbi da makero da ƙazwa duk suna iya kama da shi, alhali maganinsu daban ne. Man egzima yakan ƙunshi sinadarin siteroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. In aka shafa shi a kan makero, sai ƙaiƙayin ya lafa, cutar kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. Shi ya sa sayen mayuka masu siteroyid irin su Funbact-A ko Skineal a kemis ba tare da an duba ku ba ganganci ne.

Yaya ake shafawa?

Mayukan suna hawa-hawa: hydrocortisone mai sauƙi ne, betamethasone ya fi shi ƙarfi, clobetasol kuma yana cikin mafiya ƙarfi. Fuska, wuya da matse-matsi fatarsu siririya ce, mai sauƙin kawai ake sa musu.

Ku matso man daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko. Wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A shafa a kan ciwon kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci na mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon yadda likita ya ce. Sauran jiki kuma a riƙa shafa masa basilin ko man kaɗanya da zarar an fito wanka, ko da ciwon ya lafa. A guji ruwa mai zafi sosai, da sabulu mai ƙamshi, da dirza da soso.

Zai lalata min fata?

In an bi ƙa'ida, da wuya. Wata da watanni ana shafa mai ƙarfi, kamar yadda masu bilicin ke yi, shi ke sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje.

Nawa ne kuɗinsa?

Hydrocortisone na da araha. Tacrolimus, wanda ba siteroyid ba ne kuma likita kan rubuta shi don fuska, ya fi tsada da wuyar samu. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalin. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko mako biyu suka wuce babu sauƙi, ku koma Babban Asibitin Potiskum, in da hali a tura ku wurin likitan fata.