Masu Koyar da 'Yan Mata Ƙwallo a Jami'o'in Amurka: Daga Ina Suka Fito?

Yawancinmu mun fara jin sunan Mista Randy Waldrum ne a shekarar 2020, lokacin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta ba shi riƙon ƙungiyar mata ta ƙasa, watau Super Falcons. An yi ta gunaguni a wancan lokaci, ana cewa yaya za a ɗauko mai koyar da 'yan makaranta a damƙa masa ƙungiyar da ta gagari kowa a Afirka, alhali kuwa bai ko ajiye aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ba. Amma da aka je gasar cin kofin duniya ta 2023, sai 'yan matanmu suka yi kunnen doki da Kanada, suka doke masu masauki Ostireliya da ci 3 da 2, kuma Ingila ba ta iya fitar da su ba sai da aka kai ga bugun fenariti.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin irin waɗannan malamai da ke koyar da ƙwallon mata a jami'o'in Amurka, domin akwai abin da ikilisiyoyinmu da makarantunmu za su tsinta a ciki. Abin da ya fi fitowa fili shi ne yawancinsu sun soma ne daga ƙasa, kamar kowane malamin makaranta, suka kuma zauna wuri ɗaya shekara da shekaru har aikin ya yi saiwa.

Yadda abin ya soma

A 1972 majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata dokar ilimi, wadda sashenta na tara ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Da yake wasanni suna cikin harkokin makaranta, sai ya zama dole jami'o'i su buɗe ƙungiyoyin mata, su kuma riƙa ba 'yan mata guraben karatu kyauta saboda wasa, kamar yadda suke ba samari. Hukumar wasannin jami'o'i, wadda ake kira NCAA, ta shirya gasar ƙwallon mata ta farko a 1982. To, ga 'yan mata, ga fili, amma masu koyarwa sun yi ƙaranci, gama ƙwallon ƙafa ba shi da wani farin jini a ƙasar a wancan zamani. Saboda haka duk wanda ya san wasan, ya kuma yarda ya yi aikin da ƙaramin albashi, shi aka ɗauka.

Ɗalibin lauya da ya koma fili

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Anson Dorrance. An haife shi a 1951 a birnin Bombay na Indiya, inda mahaifinsa yake aiki da wani kamfanin mai, ya kuma yi yarintarsa a ƙasashe dabam dabam, har da Habasha da Kenya. Yana karatun lauya ne aka ba shi ƙungiyar maza ta Jami'ar Karolina ta Arewa a 1977, sa'an nan a 1979 aka ƙara masa da sabuwar ƙungiyar mata. Daga bisani ya jingine karatun lauyan. Ya riƙe wannan ƙungiya ta mata har ya yi ritaya a watan Agusta na 2024, watau shekara 45 ke nan a wuri guda. A cikin waɗannan shekaru ya ci kofin NCAA sau 21, tara daga ciki a jere, daga 1986 zuwa 1994. Shi ne kuma ya jagoranci Amurka ta ɗauki kofin duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan, irin su Mia Hamm da Kristine Lilly, ɗalibansa ne.

Baƙon da ya gama aikinsa

Hanyar Clive Charles dabam ce. Baƙar fata ne haifaffen gabashin birnin Landan, ya buga wa West Ham da Cardiff, kafin ya ƙaura zuwa birnin Portland na Amurka a 1978 don ya ci gaba da wasa. Da ya rataye takalmansa, a makarantar sakandare ya fara koyarwa. A 1986 Jami'ar Portland, wadda ta Katolika ce, ta ɗauke shi don ƙungiyar maza, a 1989 kuma ta haɗa masa da ta mata. A shekarar 2000 likitoci suka gano yana da ciwon daji, amma bai bar fili ba. A ƙarshen 2002 'yan matansa suka ci kofin ƙasa, karo na farko a tarihin jami'ar, da ci 2 da 1, kuma wata yarinya 'yar Kanada mai suna Christine Sinclair ce ta zuba ƙwallayen biyu. Ya rasu a watan Agusta na 2003 yana da shekara 51. Ita Sinclair ɗin nan ce ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, ita ce kuma wadda mai tsaron gidanmu Chiamaka Nnadozie ta tare wa fenariti a 2023.

Matan da suka shiga sahu

Becky Burleigh ta gama karatu a wata kwalejin Metodis a 1989, kuma tana 'yar shekara 21 aka ba ta ƙungiyar Kwalejin Berry a jihar Jojiya, inda ta ci kofin ƙananan kwalejoji sau biyu. Daga nan Jami'ar Florida ta kira ta don ta kafa ƙungiya daga tushe. Sun fara wasa a 1995, a 1998 kuma suka doke 'yan Dorrance da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe. Ita ce mace ta farko da ta ci wannan babban kofi a matsayin shugabar masu koyarwa.

Jill Ellis kuwa a Ingila ta tashi, ƙasar da hukumar ƙwallonta ta hana mata wasa a filayenta daga 1921 har shekara 50 suka wuce. Ba ta sami shiga ƙungiya ta sosai ba sai da iyayenta suka ƙaura Amurka a 1981. Bayan jami'a ta sami aikin ofis mai albashi mai kyau a wani kamfanin sadarwa, amma ta bar shi ta zama mataimakiyar mai koyarwa. Ta riƙe ƙungiyar Jami'ar Illinois, sa'an nan ta UCLA daga 1999 zuwa 2010, daga baya kuma ta ciwo wa Amurka kofin duniya sau biyu, a 2015 da 2019.

Duk da haka mata ba su yi rinjaye a aikin ba. Wasu malaman jami'a biyu, Vivian Acosta da Linda Carpenter, sun shekara da yawa suna bin ƙididdigar. Sun nuna cewa a 1972 fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin wasannin mata a jami'o'i mata ne suke koyar da su, amma zuwa 2014 adadin ya sauko wajen kashi 43. Dalili kuwa, da albashi ya gyaru sai maza suka fara rububin aikin, kuma masu ɗaukar ma'aikata galibi maza ne.

Hannun makarantun ikilisiya

Idan muka koma kan Waldrum, za mu ga shi ma a makarantar sakandare ya fara a jihar Texas. Shi ya kafa ƙungiyar mata ta Jami'ar Baylor ta 'yan Baptis a 1996, kafin ya koma Notre Dame ta Katolika a 1999, inda ya ci kofin ƙasa a 2004 da 2010. Ashe dai makarantun ikilisiya suna da babban hannu a wannan tarihi, kuma mu ma mun ci moriyarsa. Bayan gasar duniya ta 1999, Mercy Akide da Florence Omagbemi sun sami gurbin karatu a Kwalejin Milligan, wata ƙaramar makarantar Kirista a jihar Tennessee. Omagbemi ce ta dawo gida ta jagoranci Super Falcons suka ci kofin Afirka a 2016. Uchenna Kanu, wadda ta ci ƙwallon farko da muka zuba wa Ostireliya, a Jami'ar Southeastern ta Assemblies of God a Florida ta yi karatu. Shi kuwa Justine Madugu, wanda ya daɗe yana koyarwa a Adamawa, ya yi wa Waldrum mataimaki, ya gaje shi a 2024, ya kuma ɗauko kofin Afirka na goma a Maroko a 2025.

Inda ake bukatar hattara

Kada dai mu ɗauka komai lafiya lau yake. Mai koyar da wasa yana da iko babba a kan yarinya, gama shi ne mai cewa ta shiga fili ko ta zauna a benci, kuma sau da yawa karatunta ya rataya ne a kan haka. A watan Oktoba na 2022 Sally Yates, tsohuwar mataimakiyar babban lauyan gwamnatin Amurka, ta fitar da rahoton binciken da aka sa ta a kan gasar ƙwararru ta mata. Ta gano cewa cin zarafi da lalata sun yi katutu, an kuma yi ta rufa wa masu laifi asiri suna ƙaura daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Ta ƙara da cewa tushen abin yana can tun daga ƙungiyoyin yara. In haka ta faru a ƙasar da ke da dokoki da lauyoyi birjik, bai kamata mu yi barci ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, kusan kowace makarantar sakandare ta ikilisiya tana da fili, kuma 'yan mata masu ƙafa suna nan tuli a makarantun Lahadi da ƙungiyoyin matasanmu. Abin da muka rasa shi ne malami mai horo, mai tsoron Allah, wanda zai zauna. Sau da yawa akan ɗora aikin wasanni a kan malamin da ya fi kowa ƙarancin darasi, ko ɗan bautar ƙasa wanda zai tafi bayan shekara guda. Da haka Jami'ar Portland ta yi, da ba wanda ya ji labarin Clive Charles.

Muna roƙon hukumomin makarantunmu su zaɓi malamai, musamman mata, su tura su kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, ko sashen koyar da wasannin motsa jiki na kwalejojin ilimi, su kuma biya su haƙƙinsu a kan kari don kada su gudu. A kafa doka cewa namiji ba zai keɓe da yarinya ba, ko a fili ko a tafiya, kuma duk inda za a je wasa sai da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata. A sanar da yara wanda za su kai wa ƙara, a kuma saurare su. Yarinyar da ta faɗi jarrabawa ta huta da wasa har ta gyara, gama ko a Amurka ɗalibar da makinta ya yi ƙasa ba a barinta ta buga.

Ku kuma iyaye, in wani ya zo da alkawarin zai kai 'yarku waje ta yi ƙwallo, ya ce ku kawo kuɗi, ku bincika sunan makarantar, ku nemi wasiƙarta, ku nuna wa fasto da shugaban makaranta tukuna. Wadda kuma Allah ya ba baiwar wasa, kada a kashe mata gwiwa don kawai ita mace ce. A sama mata malami nagari, a sa ido, a kuma riƙe ta da addu'a. Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Amin.