Daga Ƙofar Gida Zuwa Tasha: Matsalar Sufuri ga Tsofaffi da Nakasassu da Masu Ƙaramin Ƙarfi a Jihar Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi shingayen da ke hana tsofaffi da nakasassu da masu ƙaramin ƙarfi zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Jihar Kano da birninta. An nuna cewa dokar tarayya ta 2018 ta fi dacewa da sufurin da hukuma ke gudanarwa, alhali jama'a sun dogara ne ga ƙananan motocin haya na 'yan kasuwa. Don haka aka ga cewa a tasha ya kamata gyara ya fara, tare da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin nakasassu na gargajiya.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ba zumunta kaɗai ba, neman magani da cin kasuwa da karɓar fansho duk a ƙafa suke. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma manyan asibitocin da ake tura marasa lafiya, wato Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Ƙashi na Dala, duk a cikin birni suke. Dattijon da ke Doguwa ko Tudun Wada, idan likita ya ce ya riƙa dawowa duk wata, lafiyarsa ta rataya ne a kan ko zai iya biyan kuɗin mota, kuma ko jikinsa zai jure hawa da sauka. Wanda ya kasa, ba a rubuta sunansa a ko'ina; gida kawai yake zama.

2.0 Tanadin Doka

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Nuna Wariya ga Nakasassu ta 2018. Dokar ta wajabta sanya hanyoyi masu gangara da na'urorin ɗaga mutum a gine-ginen jama'a da tashoshi da motocin sufuri, ta ba nakasasshe damar wuce layi, ta kuma yanke tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. An ba da wa'adin shekara biyar don a yi gyare-gyaren, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024.

Matsalar ita ce irin motar da dokar ta zana a zuciyarta: babbar bas mai faffaɗar ƙofa, mai wurin tsayawa sananne, mai kamfani da za a iya kai ƙara. Ba wannan motar ce ke ɗaukar yawancin mutanen Kano ba.

3.0 Abin Hawan da Jama'a Suke da Shi

A cikin birni, babur mai ƙafa uku ne ya mamaye hanya. Ya samo sunansa daga shirin gyaran ɗabi'u na A Daidaita Sahu na zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da aka shigo da shi don ɗaukar mata. Bayan haramta acaɓa a Janairun 2013, sai ya zama abin hawan kowa. Tsakanin garuruwa kuwa, ƙananan motoci da bas-bas ne ke lodi a tashoshi irin su Unguwa Uku da 'Yankaba da Ƙofar Wambai, a ranakun kasuwa kuma akori-kura ta haɗa mutane da kaya.

Duk waɗannan mallakar ɗaiɗaikun mutane ne. Direba yakan kai wa mai mota balas, ya sayi mai, ya biya kuɗin tasha, abin da ya rage shi ne nasa. Wannan lissafi ne ke sa a zuba mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a ta baya. Shi ne kuma ke sa direba ya kau da kai idan ya hango mai keken guragu a bakin titi, domin ɗaukarsa na cin lokaci, kekensa na cin wuri. Ba lallai rashin tausayi ba ne. Tsarin ne ya mayar da tausayi asara.

4.0 Shingaye Uku

4.1 Shingen Jiki

Tafiya sarƙa ce, kuma idan zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani. Kafin gurgu ya isa mota, sai ya ratsa lungu mai kwata a buɗe, ya bi gefen titin da 'yan tireda suka cinye, ya tsallaka babbar hanya. Inda aka gina gadar masu tafiya a ƙasa aka kuma kafa shinge a tsakiyar titi, matakalar da ta ceci matashi ita ce ta datse tsohuwa mai ciwon gwiwa. Yawancin tashoshi filin ƙasa ne, rairayi da rani, taɓo da damina, ba wurin zama mai inuwa, ba makewayin da keke zai shiga. Wannan ya fi shafar Arewa, inda cutar shan inna ta daɗe kafin a ayyana kawar da ita daga Nijeriya a 2020. Waɗanda ta nakasa suna nan, da yawansu magidanta ne masu sana'a.

4.2 Shingen Kuɗi

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya bi sahu. Kowa ya ji a jikinsa, amma nauyin bai zo daidai ba. Makaho yana biyan kujera biyu, tasa da ta ɗan jagora. Sau da yawa ana lissafa keken gurgu a matsayin kaya. Tsohon da ba zai jure cunkoso ba sai ya ɗauki shata. Wato wanda ya fi ƙarancin samu shi ya fi biya. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta rage rabin kuɗin wasu manyan motoci, ta kuma mayar da jirgin ƙasa kyauta, amma na 'yan makonnin bukukuwa ne, kuma a dogayen hanyoyi. Bai kai ga mai zuwa asibiti daga ƙauye ba.

4.3 Shingen Harshe

Wannan ne ya fi kusa da fagen manazarta Hausa. Tashar Bahaushe da baki take aiki: ɗan kamasho ya yi ta kiran sunan gari, a yi cinikin kuɗi da baki, fasinja ya ce "akwai" idan zai sauka. Tsarin ya yi wa makaho da wanda bai iya karatu ba daɗi, amma ya rufe wa kurma ƙofa. Inda kuma aka zamanantar, aka koma allon Turanci da sayen tikiti ta intanet, sai kurma mai ilimi ya samu, makaho da dattijon ƙauye su rasa. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa murya da rubutu, rubutun kuma ya zo da Hausar boko da ajami, tunda dattawa da yawa ajamin suka fi sani.

5.0 Inda Gyara Zai Fara

Ba za a iya sauya dubban motoci a shekara ɗaya ba, amma tashoshi ƙidayayyu ne, kuma kowace tana da shugabanci. Ƙungiyar direbobi ita ke tsara layin lodi, ta karɓi kuɗi, ta hukunta wanda ya saɓa. Ƙa'idar da ta amince da ita takan fi takardar ma'aikata saurin aiki. Ana iya daidaitawa da ita a kan abubuwa uku: a keɓe kujerar gaba ga tsoho ko nakasasshe shi kaɗai, a daina cajin keken guragu, a rage wa ɗan jagora kuɗi.

Sai dai kada a ɗora wa direba asarar. Ingila ta ba tsofaffi da nakasassu damar hawa bas kyauta a wajen lokutan cunkoso tun 2008, kuma hukumomi ne ke biyan kamfanoni. A nan ma sai jiha ko ƙaramar hukuma ta cike giɓin, ko da ta hanyar yafe wa direban kuɗin tasha na ranar. In ba haka ba, rangwamen zai zama sabon dalilin ƙin ɗaukar mutanen.

Wa zai tantance wanda ya cancanta? Ƙasar Hausa ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suka san mutanensu gida-gida. Haɗa su da ƙungiyoyin nakasassu na zamani da masu unguwanni zai fi dogaro da sabon kati da za a yi tafiya zuwa birni kafin a samu.

Akwai kuma damar da ba za ta dawo ba. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, sabon gini ne. Daidaita dandamali da ƙofar jirgi tun a zane ya fi rusawa daga baya sauƙi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa doka ta samu, wa'adinta ma ya cika, amma ba ta taɓa motar da talaka ke shiga ba. Gangarar da aka yi don gurgu ita ce mai juna biyu da mai turin kura za su bi, kujerar da aka keɓe wa dattijo kuma mai ƙarfin yau ne zai zauna a kanta idan Allah ya ja kwana. Ya rage ga manazarta su tattara kalmomin tasha da labaran fasinjojin da aka bari a bakin hanya, domin masu tsara sufuri su ji daga bakin waɗanda abin ya shafa.